Makomar wayar tarho ta girke a Birtaniya

Kamfanin BT na Birtaniya ya tsayar da watan Janairun 2027 domin rufe tsohon layinsa na wayar tarho ta girke, bayan da a shekarar 2024 ya ɗage wa'adin daga ƙarshen 2025.

Daga nan duk kira zai riƙa bi ne ta intanet, hanyar da Skype ya yayata tun 2003, wadda kuma ta rage wa kamfanonin tarho kuɗin da suke samu daga kiran ƙasashen waje. Shi kansa Skype an rufe shi a 2025.

Sai dai tsohon layin kan yi aiki ko an ɗauke wuta, sabon kuwa sai da lantarki ko batir a gida, abin da ke barazana ga tsofaffin da suka dogara da na'urorin neman agajin gaggawa.