Alfindiki: Kalmar da Ta Yi Fatauci Daga Girka Har Kano

A cikin birnin Kano akwai tsohuwar unguwa mai suna Alfindiki. Muna ambaton sunan yau da gobe, amma kaɗan ne a cikinmu suka san cewa kalmar ta girmi ganuwar birnin da fiye da shekara dubu.

Asalinta Girkanci ne: pandokeion, wato "mai karɓar kowa", masaukin da ba a tambayar baƙo ɗan wane ne shi. Ta zo a Linjilar Luka, cikin labarin Basamariyen da ya kai mutumin da 'yan fashi suka raunata masauki. Daga baya Larabawa suka are ta, suka ce funduƙ.

Funduƙ gini ne mai faffaɗar tsakar gida: dabbobi da haja a ƙasa, fatake a bene, ƙofa ɗaya tak wadda ake garƙamewa da dare. Wannan ƙofa ce ta juya ma'anar kalmar, domin inda kaya ke bi ta hanya guda, nan mai karɓar haraji yake kafa kujerarsa. Masaukin baƙo ya zama idon hukuma a kan baƙo.

Daga nan kowane harshe ya ɗebi rabonsa. Mutanen Fotugal suka riƙe harajin: alfândega ita ce kwastan a wurinsu har gobe. Mutanen Sifen suka riƙe rumbun: alhóndiga ma'ajiyar hatsi ce, kuma a irinta aka gwabza a Guanajuato ta Meziko a 1810, farkon yaƙin neman 'yanci. Mutanen Italiya suka riƙe fataucin: tun a ƙarni na 13 fataken Jamus suka fara sauka a Fondaco dei Tedeschi a birnin Fenis. Larabcin yau kuwa ya koma tushe, funduƙ otal ne kawai.

Mu kuma ta iso mu a bayan raƙuma, a bakin fataken arewacin Afirka masu ƙetaro Sahara. Harshenmu ya haɗiye ta tare da "al" ɗinta, kamar yadda ya yi wa albasa da alƙalami. Ba ta zauna a maganarmu ta yau da kullum ba, gama muna da zango da masauki. Sai ta maƙale a sunan unguwa.

Shi ya sa sauya sunan tsohuwar unguwa ba ƙaramin abu ba ne. Gini yakan rushe, takarda gara ta cinye, suna kaɗai ya rage yana shaidar waɗanda suka taɓa sauke kaya a wurin.