Alkunya Ce Ta Haifi Gajeren Suna

Ana yawan ɗauka cewa Audu, Garba, Iro, Binta da Indo sun samu ne saboda ƙiwar harshe, wai Bahaushe ya kasa furta sunan Larabci sai ya datse shi. Wannan zance bai cika riƙe ruwa ba. Mutumin da ke kiran Abdurrahman daidai a masallaci ba zai gagara kiransa a tsakar gida ba. Abin da ya haifi yawancin gajerun sunayenmu shi ne alkunya. Ranar suna, kwana 7 da haihuwa, akan raɗa wa jariri sunan yanka, kuma sau da yawa na kaka ne ko na wani babba a dangi. To, uwa ba ta faɗin sunan surukinta, ba ta kuma faɗin na ɗan fari. Dole gida ya nemo wani sunan da kowa zai iya kira ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Daga nan aka shiga lalube. Wani lokaci ranar haihuwa ake dubawa: Ladi ta Lahadi, Talatu ta Talata, Bala na Laraba, Lami ta Alhamis, Jummai ta Jumma'a. Wani lokaci kuma yanayin zuwan yaron: Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza, Gambo mabiyin tagwaye, Auta ƙarshen haihuwa. Tarihi ma ya ba da nasa kason. Bayan jihadin 1804, girman Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sa Shehu ya zama laƙabin kusan duk wani Usman, sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, shi ma ya bazu haka.

Masu cewa sunayen rana ragowar maguzanci ne sun manta cewa su kansu sunayen ranakun daga Larabci muka aro su. Ko da al'adar ta girmi zuwan Wangarawa Kano a zamanin Sarki Yaji, rigar da take sanye da ita yanzu Musulunci ne ya ɗinka mata. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta malaman da ke ƙyamar a mayar da Abdullahi Audu, don an yar da sunan Allah. Damuwarsu abar saurare ce, amma sunan yanka bai tafi ko'ina ba, da shi ake ɗaura aure. Sauyin Abdu zuwa Audu kuwa ƙa'idar harshe ce, irin wadda ta sa sabka ta Sakkwatawa ta zama sauka a bakin Kanawa. Larabawa ma suna datse suna, har ya zo a hadisi cewa Annabi (SAW) ya kira Nana A'isha da A'ish.

Yau a birane Talatu da Kande sun ja baya, Ummi, Abba, Amir da Hanan sun karɓi fili. Idan aka bincika, da yawansu masu sunan kakanni ne da har yanzu uwa ke jin nauyin faɗa.