Yawaita itatuwan pin a ɗakin gwaji

Itatuwan dangin pin, masu ganye kamar allura, su ne tushen yawancin katako da takardar da ake yi a Turai da Kanada. Matsalarsu jinkiri: sai an shekara da yawa kafin a gane bishiyar da ta fi kyau, kuma a lokacin reshenta da wuya ya yi saiwa idan an dasa.

A 1985 masana a Suwidin da Cekoslobakiya suka samar da tayin tsiro daga ƙwayoyin bishiyar epicea. Ana ciro ɗan tayi daga irin da bai ƙosa ba, a ɗora shi kan abinci mai kauri, mai sukari da sinadaran girma, har ya hayayyafa ya zama dubbai masu halitta ɗaya.

Daskarewa ce ta sa dabarar ta yi amfani sosai. Ana ajiye wani ɓangare cikin ruwan naitrojin, a digiri 196 ƙasa da sifili, ana gwada sauran a gona. Wanda ya yi fice, sai a narkar da ajiyarsa a yawaita.

A Faransa, cibiyar INRAE na aiki kan pin maritime, bishiyar dajin Landes, wadda tayinta ke wuyar ƙosawa. Ƙara kaurin abincin, don rage ruwan da tayin ke samu, ya taimaka.