Zare: Yadda ƙodar maraƙi ta ga bayan bushiya

1/ Jiya da yamma ina tsaye wajen mai nama a nan Ƙofar Durbi, ina kallo yana yanka ƙoda yana jefawa a tire, sai lakcar da aka yi mana makon jiya ta faɗo min a rai. Wannan ƙodar da muke ci da yaji, irinta ce ta ga bayan annobar da ta fi kowace kashe shanu a tarihi. Ku gyara zama, zaren yana da ɗan tsawo.

2/ Sunan cutar bushiya, Turawa na ce mata rindafest. Yawancinmu ko sunan ba mu taɓa ji ba. Da na tambayi kakana, sai da ya ajiye carbinsa tukun ya ce, "Wa ya faɗa maka wannan sunan?" Saniya za ta fara zazzaɓi, ido da hanci na zuba, baki ya yi gyambo, sai zawo. Cikin kwana goma an gama. Garke guda yakan kwanta.

3/ Babbar annobar ta shigo Afirka a 1887 ta tashar jirgin ruwa ta Massawa, a Iritiriya ta yau, cikin shanun da sojojin Italiya suka shigo da su. Wajen 1891 ta iso ƙasashenmu. A wurare da yawa shanu tara cikin goma suka mutu. Ku auna Bafulatanin da dukiyarsa, abincinsa da sadakin 'ya'yansa duk suna tafiya da ƙafa huɗu, ya wayi gari daga shi sai sanda.

4/ Turawa sun ci Katsina a 1903, bushiya kuma ba ta tafi ba, tana lafawa tana dawowa. Su ma abin ya dame su, ko ba don komai ba don jangali. Suka buɗe sashen kula da dabbobi a Zariya a 1913, a 1924 aka mayar da ɗakin gwaje-gwajen Vom, kusa da Jos. Aikinsa na farko shi ne yaƙi da bushiya.

5/ To ga matsalar. Bushiya bairas ce, ita kuma bairas ba ta hayayyafa sai a cikin sel mai rai, wato waɗannan ƙananan tubalan da aka gina jiki da su. Ba za ka zuba mata romo a kwano ta tsiro ba kamar bakteriya. In kana son ta da yawa don yin rigakafi, dole ka nemo mata jiki.

6/ Don haka dabba sukutum ita ce masana'anta. Da farko ana ɗibar ruwan jinin saniyar da ta warke, a haɗa wa lafiyayya da cutar kanta, a yi fatan ta sha. Daga baya aka koma bi da cutar ta jikin awaki, daga wannan zuwa waccan, har ta yi rauni ga shanu, a yanka akuyar a busar da saifarta a yi allura. Tana aiki, amma tana sa zazzaɓi, wasu shanun ma su mutu. Wanda ya ɓoye 'yan maruƙansa a lokacin, ni dai ban ga laifinsa ba.

7/ Can a Amurka kuma, a 1949, Enders da Weller da Robbins suka nuna cewa bairas ɗin shan inna na iya girma a cikin sel na ɗan Adam da aka raina a kwalba. Sun sami kyautar Nobel a 1954. Allurar shan inna ta Salk ma a cikin sel na ƙodar biri aka noma ta. Daga nan kowa ya gane ashe ba sai da dabba gaba ɗaya ba.

8/ Nan ne wani likitan dabbobi Bature, Walter Plowright, ya shigo labarin. Ya yi aiki a Vom a shekarun 1950, sannan a 1956 ya koma Muguga a Kenya. A can shi da abokin aikinsa Ferris suka gwada bushiya a cikin sel na ƙodar maraƙi.

9/ Ga yadda ake yi, don wannan ne ɓangaren da ya fi burge ni. A ciro ƙodar maraƙi da ɗuminta, cikin tsafta iya tsafta. A yayyanka ɓawonta ƙanana-ƙanana. A zuba tiripsin, wani sinadari mai narkar da abin da ya manne sel da sel, su rarrabu ɗaya-ɗaya. A sa su a kwalba da ruwan abinci, a ajiye a ɗumi irin na jiki, digiri 37. Bayan 'yan kwanaki sun manne a gilashin sun shimfiɗu kamar tabarma. Maraƙin an daɗe da cinye shi, ƙodarsa na nan tana numfashi a kwalba.

10/ Irin waɗannan su ake kira sel na fari: kai tsaye daga jiki, ba a sauya musu hali ba. Shi ya sa bairas ke shigarsu kamar ta shiga saniya. Kana duba madubin ƙara girma za ka ga ɓarnar da idonka, sel na narkewa suna haɗewa da juna. Wato yanzu ana iya auna ƙarfin cutar a kwalba, ba sai an kashe shanu ana ƙirgawa ba.

11/ Plowright ya yi ta kwashe bairas ɗin daga kwalba zuwa sabuwar kwalba, sau kusan 90. Ta saba da zaman gilashi har ta daina iya kayar da saniya, amma jikin saniya yana gane ta ya shirya mata. Allura ɗaya, kariya har mutuwa, ga arha. Zuwa farkon shekarun 1960 ta fito.

12/ Amma sel na fari akwai wahala fa. Ba su daɗewa, bayan 'yan rarrabuwa sai su tsufa su mutu, kullum sai an koma neman sabuwar ƙoda. Kuma kowace ƙoda na iya zuwa da baƙonta: a 1960 aka gano wata bairas, SV40, ɓoye a ƙodar birin da ake allurar shan inna da ita. Shi ya sa daga baya aka fi karkata ga sel marasa mutuwa, irin su Vero da aka samo a Japan a 1962, ko HeLa da aka ɗiba daga jikin Henrietta Lacks a 1951 ba tare da an nemi izininta ba. Wannan labarin zare ne na daban.

13/ Mu dawo gida. A Kano aka yi taron da ya haifi gagarumin shirin rigakafi na haɗin gwiwa, JP15, a 1961. A 1962 aka fara da Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru, daga baya ya kai ƙasashe 22. An soma da allurar awaki, sannan ta kwalba ta karɓe fagen. Duk saniyar da aka yi wa sai a huda mata kunne. Kakana ya ce har a kara mai saye yakan duba kunnen kafin a fara ciniki.

14/ Shirin ya ƙare a 1976, aka ɗauka an gama. Gwamnatoci suka yi sakaci, aka daina yi wa sababbin maruƙa allura. Farkon shekarun 1980 ta dawo, 1983 ta yi wa makiyayan Arewa mummunar ɓarna. Iyayenmu sun ga wannan da idonsu, ku tambaye su. Allurar ba ta gaza ba, mutane ne suka daina kai ta daji.

15/ Ita ma dai tana da nata rauni: zafi na lalata ta, sai da firji, ga rana irin tamu. Wajen 1990 aka samar da wadda ke jure zafi, an noma ta a Vero, har makiyaya da kansu suka riƙa yi wa shanunsu a lungunan da mota ba ta zuwa.

16/ Karo na ƙarshe da aka tabbatar da bushiya shi ne 2001, a jikin ɓauna a Kenya. A 2011 aka shelanta cewa ta ƙare a duniya. Cuta biyu kacal aka taɓa yi wa haka, ita da agana. Plowright ya rasu a 2010, bai ji sanarwar ba.

17/ Bushiya ta bar 'yan uwa a raye, ga biyu daga cikinsu. Ɗaya ƙyanda ce, wadda har yanzu ke kwantar mana da yara. Ɗayar kuma PPR, annobar awaki da tumaki, mai shiga gida ta share akuyoyin da mahaifiyarka ke tarawa don Sallah ko kayan ɗakin ƙanwarka. Bairas ɗin da ake allurarta da shi a ƙasashe da yawa sunansa Nigeria 75/1, don a nan aka samo shi a 1975. Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita. Na leƙa bayan gidanmu na ƙirga, awaki shida ne, na tambayi Inna ko an taɓa yi musu allurar. Ta ce wace allura?