Tarihin Binciken Masana A Kan Haihuwa A Ƙasar Dutse

Tun zamanin da, idan mace ta rasu wajen haihuwa a ƙauyukan ƙasar Dutse, sai a yi mata sutura, a yi zaman makoki, a ce kwana ya ƙare. Gaskiya ne kowane mai rai yana da ajalinsa, amma kuma kowane ajali yana da sanadi. A wancan zamani babu wanda ya ke rubuta sanadin, babu kuma wanda ya san ko mata nawa ne suka rasu a shekara. Ungozoma ta san abin da ta gani a unguwarta, amma in ta mutu sai saninta ya bi ta kabari. Abin da ya sauya wannan hali shi ne ƙidaya da rubutu, watau aikin da masana su ke kira bincike.

Ga yadda masana su ke wannan aiki. Likita ya kan rubuta labarin kowace mace da ta zo asibitinsa, da shekarunta, da yawan haihuwarta, da abin da ya same ta. In labaran suka taru sai ya lissafa, ya rubuta abin da ya gano, ya aika wa mujallar likitoci. Can sai waɗansu masana su duba, in sun yarda sa'an nan a buga. Duk wanda ya zo daga baya ya ɗauki wani abu daga wannan rubutu, wajibi ne ya ambaci sunan mai shi. Wannan al'ada ba baƙuwa ba ce ga mutumin ƙasar Hausa, gama ya saba jin malamai suna cewa wane ya karɓo daga wane, shi kuma daga wane.

A cikin shekara ta 1955 wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ya kawo shawara a riƙa ƙidaya wannan ambato, domin a san rubutun da masana suka fi dogara da shi. A 1964 aka fara fitar da babban littafin ƙidayar. Daga baya jami'o'in duniya suka mai da yawan ambato ya zama ma'aunin darajar masani. To, amma ma'aunin yana da tawaya, domin mujallun da aka fi ƙidayawa na Amurka ne da na Turai. Likitan da ya yi aiki mai kyau a asibitin karkara, ya buga a mujallar ƙasarsa, sau da yawa ba ya samun ambato gwargwadon aikinsa.

Duk da haka akwai wani bincike da aka yi a ƙasar Hausa wanda ya gagari a ƙyale shi. Wani likita ɗan Nijeriya, Farfesa Kelsey Harrison, shi da abokan aikinsa suka rubuta labarin haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a Ingila a 1985. Abin da suka gano shi ne, mafi yawan matan da suka rasu ba su taɓa zuwa awon ciki ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Sun kuma ga haɗarin ya fi yawa ga 'yan mata ƙanana masu cikin fari, da matan da suka yi haihuwa da yawa, da waɗanda ba su yi makaranta ba. Har wa yau sun lura cewa yarinya mai ciki, in ana ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini, ta kan ƙara tsawo kafin ta haihu.

A wannan shekara ta 1985 waɗansu masana biyu na Amurka, Allan Rosenfield da Deborah Maine, suka yi rubutu a mujallar Lancet, suna cewa duniya ta kula da lafiyar jariri ta manta da uwa. A 1987 aka yi babban taro a Nairobi, ƙasar Kenya, domin neman hanyar haihuwa lafiya. A 1994 kuma Maine da Sereen Thaddeus suka bayyana jinkiri iri uku da ke halaka mata: jinkirin yanke shawara a gida, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun magani bayan an isa. An ambaci wannan rubutu sau dubbai, kuma duk wanda ya san zaman ƙauye ya san jinkirin nan uku, tun daga jiran maigida ya dawo ya ba da izini, har neman mota da tsakar dare a cikin damina.

Ran 27 ga Agusta, 1991, aka yanki Jihar Jigawa daga Jihar Kano, Dutse ta zama babban birninta. Sannu a hankali likitocin da ke aiki a ƙasar suka fara rubuta abin da su ke gani da idanunsu. A asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Kudu, Dokta Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka duba littattafan ɗakin haihuwa, suka buga sakamakon a 2007 a wata mujallar likitoci da a ke fitarwa daga Sakkwato. Sun sami cewa kusan mace ɗaya cikin kowace goma da suka haihu a asibitin ta yi jijjiga, watau ciwon nan da waɗansu ke kira taune-taune. Yawancinsu kuwa masu cikin fari ne da ba su je awo ba. Ya kamata mai karatu ya lura cewa ƙidayar asibiti ta kan fi ta gari muni, domin masu wahala ne a ke kai wa can.

Ita jijjiga, hawan jini ne mafarinta. Ta kan fara da kumburin fuska da hannuwa, da ciwon kai mai tsanani, da ganin dishi-dishi. Da yawa su kan ɗauka aikin iska ne, sai a tsaya ana hayaƙi da tofi har lokaci ya ƙure. Alhali kuwa maganinta yana nan, kuma ba shi da tsada. Sunansa magnesiyam salfet. A 1995 wani gwaji da aka yi a ƙasashe da yawa ya nuna ya fi maganin barcin da a ke bayarwa a da. A 2002 aka buga wani gwajin da ya fi wancan girma, wanda aka yi wa mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna maganin yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi.

A nan ne za a ga bambancin ambato da amfani. Masanan duniya sun yi ta ambaton wannan gwaji, amma shekaru suka wuce maganin bai isa yawancin asibitocin Arewa ba. Sai a 2008 aka shiga aikin kai shi asibitoci goma na Jihar Kano, aka koya wa likitoci da ungozomomi yadda a ke yin allurarsa. Dokta Tukur, wanda ya yi ƙidaya a Birnin Kudu, yana cikin jagororin aikin. Da suka sake lissafi, sai suka ga a da cikin mata ɗari masu jijjiga wajen 21 ke rasuwa, bayan an kawo maganin kuwa sai abin ya koma wajen 2. Ilmin yana kwance a takarda tun tuni, amma bai ceci rai ba sai da ya shiga hannun mai allura.

Haka kuma labarin yoyon fitsari ya ke. Wannan lalura doguwar naƙuda ce ke kawo ta, in kan jariri ya daɗe a tokare har naman mafitsara ya mutu. Yankan gishiri ma ya kan jawo ta. Wani likita mutumin Holan, Dokta Kees Waaldijk, wanda ya zo asibitin Babbar Ruga a Katsina a 1983, ya yi wa dubban mata aiki, yana rubuta labarin kowacce. Daga rubutunsa aka san cewa in an sa wa mace robar fitsari da wuri, ƙaramin yoyo ya kan warke ba sai an yi tiyata ba. A 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda aka kafa a Faransa a 1971, ta fara aiki a babban asibitin Jahun, cikin masarautar Dutse, tana karɓar haihuwa da gyaran yoyon fitsari kyauta. Su ma likitocin Jahun sun buga abin da suka gani a 2013.

Da ya ke mata da yawa a gida su ke haihuwa, waɗansu masana suka bi ƙauyukan Jigawa suna tambayar mata labarin 'yan'uwansu mata, wace ce ke raye, wace ce ta rasu da ciki ko da jego. A 2017 suka buga cewa cikin kowace haihuwa 100,000 mata 1,012 ke rasuwa, watau wajen ɗaya cikin ɗari. Irin wannan hali ne ya sa Gwamnatin Jigawa ta kafa shirin Haihuwa Lafiya, wanda ya ajiye motoci a ƙauyuka domin ɗaukar masu naƙuda, watau maganin jinkiri na biyu.

A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutse, saboda haka 'ya'yan ƙasar sun sami wurin da za su yi bincike a gida, su rubuta da sunansu, a ambace su. Wannan abin alfahari ne, amma tarihin nan ya nuna cewa ma'aunin gaskiya shi ne uwa ta tashi lafiya ta goya ɗanta. Kuma duk binciken nan, daga Zariya har Jahun, ya faro ne daga alƙalamin ma'aikaciyar da ta cika littafin ɗakin haihuwa ba tare da ha'inci ba.

Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci shi ma yana da rabonsa na aiki. Yana iya karanta katin awon matarsa, ya san ranar komawa. Yana iya ba da izini tun da wuri, ya ce ko ba ya gida a kai ta asibiti, ya kuma yi magana da direba tun cikin yana wata bakwai. In ya ga kumburi da ciwon kai, ko naƙuda ta wuni ta kwana, kada ya jira gari ya waye. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya sauki mata lafiya, amin.