Ƙwayar Da Aka Ce Ba Ta Tsaguwa

Wata rana a shirinmu na ɗalibai a rediyo, wata yarinya 'yar kwaleji ta bugo waya ta ce: "Malam, an koya mana cewa ƙwayar zarra ba ta rabuwa, kuma an ce da fasa ta ake samun wutar nukiliya. Wanne za mu ɗauka?" Amsar tana cikin tarihi, kuma tarihin ya biyo ta Arlit.

Kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani masanin Girka, Demokiritus, ya yi wannan tunani: in ka ɗauki abu, a ce kantun gishiri, ka yi ta raba shi biyu, dole ka kai ga ɗigon da ba ya sake rabuwa. Ya kira shi "atomos", wato wanda ba ya yankuwa. Aristotal bai yarda ba, ya ce komai daga ƙasa, ruwa, iska da wuta yake. Daga baya malaman tauhidi irin su Baƙillani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1013, suka yi dogon bayani kan "jauharul fardi". Duk da hujjar hankali aka yi wannan muhawara, ba da ma'auni ba.

Ma'aunin ya zo a 1789, lokacin da Labuwaziye na Faransa ya fitar da jerin abubuwa 33 da ya ɗauka su ne tushen sinadarai, waɗanda ba a iya warware su zuwa wani abu. Ruwa bai shiga ba, domin ya nuna haɗin haidurojin da oksijin ne. A shekarar nan dai, a Balin, Kilafrot ya gano sabon sinadari cikin wani baƙin dutse, ya raɗa masa suna yuraniyom, don tunawa da duniyar Yuranus da aka hango a 1781.

A 1808 Dalton, malamin makaranta a Ingila, ya ce kowane tushen sinadari yana da ƙwayoyinsa masu nauyi na kansu, kuma ba sa fasuwa. A 1869 Mendeliyef na Rasha ya jera guda 63 da aka sani a jadawalin da ɗalibai ke haddacewa har yau, wanda yanzu ya kai 118.

Sai yuraniyom ya ɓata lissafi. A 1896 Bekerel ya ajiye gishirinsa a aljihun tebur tare da farantin ɗaukar hoto, ya tarar farantin ya kama alama ba tare da hasken rana ba. Ashe wani abu ke fita daga cikin ƙwayar. A 1897 Tomson ya gano ilektaron, a 1911 Razafod ya nuna akwai 'yar cibiya a tsakiya. Yawan furoton da ke cibiyar shi ke bambanta sinadarai: haidurojin 1, baƙin ƙarfe 26, zinariya 79, yuraniyom 92.

A Disamban 1938, Otto Han da Shitrasman suka harbi yuraniyom da niyutaron a Balin, sai ga bariyom mai furoton 56. Abokiyar aikinsu Lize Maitina, wadda ta tsere wa mulkin Hitila zuwa Suwidin, ita da ɗan 'yar'uwarta suka fassara abin: cibiya ce ta tsage. Ba a cika shekara bakwai ba bom ya faɗa Hiroshima, kuma yawancin yuraniyom ɗinsa daga Kwango aka haƙo. A Nijar an gano shi a Azelik a 1957, aka fara haƙa a Arlit a 1971, aka yi ta kai shi Faransa yana ba da lantarki.

Don haka na ce wa yarinyar ta riƙe duka biyun. In itace ya ƙone, ko gishiri ya narke, ko ƙarfe ya yi tsatsa, ƙwayoyin abokan zama kawai suke sauyawa, ko ɗaya ba ta fashe ba. A tashar nukiliya kuwa cibiyar ake tsagawa. Darasin da take gani kamar hadda ce kawai, shi ne ke bayyana dalilin da ya sa manyan ƙasashe ke zawarcin dutsen Arlit. Mai kaya in bai san abin da ke cikin buhunsa ba, mai saye ne zai yanka masa farashi.