Wasiƙun Hekanakt: Rigimar Gida Mai Shekara Dubu Huɗu

Duk marubucin da ya ɗauki alƙalami zai rubuta labari a kan tsohuwar Masar, Fir'auna yake fara nema. Matsalar ita ce Fir'aunan ba su bar mana halinsu ba. Abin da suka sassaƙa a jikin dutse kirari ne: sun ci yaƙi, sun gina ɗakin bauta. Mutum mai fushi da rowa da son kai, wanda labari ke bukata, sai a takardun talakawa ake samunsa.

A tsakanin 1921 da 1922, masu tonon kayan tarihi na gidan tarihin Metropolitan da ke New York suka tsinci wasu takardun papirus a wani kabari a Deir el-Bahri, kusa da Luksor ta yau. Wasiƙu ne da lissafin wani manomi mai suna Hekanakt, wanda ya rayu wajen shekara 1950 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi ma'aikacin kula da kabarin wani babban mutum ne, aikin kuma yakan raba shi da gida, don haka daga nesa yake juya iyalinsa.

Kuma juyawar ba ta wasa ba ce. Ruwan Nilu bai cika ba, sai ya rage wa kowa kason hatsi, har da mahaifiyarsa, yana tuna musu cewa wasu wuraren yunwa ta fi haka. Ya yi ƙorafi an aiko masa tsohuwar sha'ir busasshiya. Ya ɗora wa Merisu nauyin gona tare da gargaɗi iri-iri, amma ya ce a bai wa Sneferu, ɗan lelensa, abin da yake so. Sai babbar magana: mutanen gidan sun sa matarsa a gaba. Ya ba da umarni a kori wata 'yar aiki mai suna Senen saboda muzguna mata. Mai karanta littattafan Kano ba ya bukatar a yi masa bayanin irin wannan gida.

Agatha Christie ta ga abin da ke ciki. Da shawarar Stephen Glanville, masanin tarihin Masar, ta gina littafinta Death Comes as the End na 1944 a kan waɗannan wasiƙu: uba mai iko, 'ya'ya masu jiran gado, da budurwar da ya kawo gida wadda zuwanta ya tayar da ƙura. Kisan kai nata ne, ita ta ƙara. A ganina ma bai kai wasiƙun tsoratarwa ba, domin a cikinsu muryar maigida kaɗai ake ji. Matar da ake rigima a kanta ba ta ce uffan ba, haka Senen. Nan ne marubuci yake da fili.

Alamu sun nuna wasiƙun ba su ma isa gida ba. An same su cikin tarkacen kabari, ɗaya daga ciki da hatiminta ba a ɓalle ba.